Kafin ka zuba kuɗin gida a fawa bayik tokumbo, tsaya ka ji nawa labarin

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, mutanen Ibadan, Ife, Legas, Akure, Benin da sauransu. Rubutun nan dogo ne, na sani. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya saka wata. Amma in har kana da niyyar sayen babban babur a wannan shekarar, don Allah ka daure ka kai ƙarshe.

A wannan zangon kaɗai ƙannenmu uku suka same ni da magana iri ɗaya, biyu ta waya, ɗaya bayan Juma'a a Sabo. Kowa ya nuna min hoto: "Yaya, ka ga wannan, tokumbo ne, 600 ne, kuma wallahi da araha. Kuɗin mota ya ishe ni, gara in sayi nawa in huta, in an yi hutu ma da shi zan tafi gida." Duka ukun irin baburan nan ne da aka ƙera don gudu da dogon zango a haɗe, masu gilas da roba a gaba, babban tanki, kujera mai faɗi, zaman kuma ba irin na masu tsere da mutum ke kwanciya a kan tanki ba.

Ga ra'ayina tun daga farko, kada in wahalar da kowa. Ɗalibin da har yanzu yake lissafin kuɗin shinkafa da wake, kada ya sayi mai silinda huɗu, komai arharsa. In ya zama dole sai babba, ya nemi mai silinda biyu, tsakanin 500 da 650, mai cikakkun takardu, kuma kuɗin babur ɗin kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na abin da ke hannunsa. In lissafin bai fita haka ba, ya sayi ƙarami sabo, ya ci gaba da karatunsa. Ba a littafi na karanto wannan ba, da kuɗina da hannuna na dama na biya.

Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya cinye mana wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ban koma Kano na zauna ba. Na tsaya ina taya wani kawuna harkar wake da gero a kasuwar Bodija, na ɗan tara abin da na tara. Da aka kusa komawa aji sai shaiɗanin babur ya shige ni. Kuɗina bai kai ba, na kira Hajiyarmu na yi mata bayani mai daɗi, wai kuɗin mota daga Sabo zuwa makaranta yana cinye ni, babur zai rage min wahala. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya, don ban ce mata wane irin babur ba. Ita a tunaninta irin roba-robar da yaran unguwa ke hawa ne. Ta sayar da raguna biyu da take kiwo a gida ta cika min.

Na tafi Legas ni kaɗai, ba makanike, ba wanda ya san babur. Da na isa wurin dillalin na taɓa injin na ji ɗumi. Ya ce ai ya ɗumama min shi ne don kada in sha jira. Na ji daɗi har da godiya! Ya murza totur, salansa ta yi wannan kukan da ke sa mutum ya manta sunan kakansa, shi ke nan na tura kuɗi, duka, ban bar ko na hular kwano mai kyau ba.

Sati uku ya mutu min a tsakiyar cunkoson Sango. Aka ce batir ne, na saya. Bayan kwana goma sabon batir ɗin ma ya mutu, ashe na'urar da ke daidaita caji ce ta ƙone tun kafin in saya. Da safe kuwa sai na yi minti goma ina fama kafin ya tashi, a nan na gane dalilin "ɗumama min" ɗin. Na kai shi wurin mai gyaran okada na bakin layinmu, bawan Allah ya kwance kafireta huɗu ya mayar yadda ya ga dama, babur ya koma yana tari kamar tsohon janareto. A watan Afrilun 2023, bayan an ɗauke ruwa, ina gangarowa ta wajen Mokola wata Micra ta tsaya ba sigina, na damƙe birki, tayar gaba ta zame kamar an shafa mata sabulu. Daga baya na koyi karanta shekarar taya, na duba tawa na ga tun 2013 aka yi ta. Hannuna na dama ya yi sati shida a ɗaure, gwaji biyu suka wuce ni, kwas ɗaya na dawo da shi kari-oba. Ina cikin jinya aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki. Babur ya yi wata biyar a ƙarƙashin tamfol, daga ƙarshe na sayar da shi da asara mai ciwo. Abin da ya fi karayar zafi shi ne duk ranar da Hajiya ta kira ta ce "ya babur ɗin naka?" in ce "lafiya lau."

Kada wani ya ɗauka na tsani manyan babura. Yanzu ma Suzuki GS500 nake hawa, tsoho ne, mai silinda biyu, kuma shekara ta zagayo bai kunyata ni ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke zaɓa. Da kunne muke saye, da idon mutanen bakin get. Hanyar da za mu bi kullum da aljihun da zai riƙe babur ɗin ba sa shiga lissafin.

Fara da hanyar. Daga Sabo zuwa get ɗin jami'a bai kai kilomita 10 ba. Wanda ke Ojoo ko Agbowo ma ya fi kusa. A tsakanin akwai shataletale, akwai Micra da ke tsayawa duk inda ta ga fasinja, akwai Keke, akwai ramuka, akwai tudu da gangare irin na Ibadan, ga damina da ke farawa tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba. A wannan hanyar da wuya ka wuce giya ta uku. Babur ɗin da aka ƙera don ya yi awa uku yana shan iska a manyan titunan Jamus, ka sa shi yana rarrafe a Iwo Road da ƙarfe huɗu na yamma, zafin injin yana gasa maka cinya, fanka tana ta ihu, hannunka na hagu ya gaji da matse kuloci. Nauyinsa kuma kilo 200 zuwa 240 ne. Ranar da ya mutu maka a kan tudu za ka san kilo nawa ne ba sai an faɗa maka ba.

Sai mai. Mu ce kana yin kilomita 20 a rana, kwana 22 a wata, kilomita 440 ke nan. A abin da na gani da idona a cikin gari, mai silinda huɗu 600 yana ba ka wajen kilomita 16 a lita, mai silinda biyu 500 wajen 22, ƙaramin babur irin Boxer kuwa yana haura 40. Wato lita 27 da rabi, da lita 20, da lita 10 ko 11. Mu sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, tunda ta taɓa kaiwa nan a 2024. Kuɗin kashewa da NELFUND ke ba ɗalibi a wata naira 20,000 ne. Ka ga mai silinda huɗu ya cinye shi duka har da bashi, kuma ba ka je Dugbe ba, ba ka je gaishe da kowa a Sasa ba, ba ka yi yawon Asabar ɗin da saboda shi ka sayi babur ɗin ba.

Baƙin mai ma haka. Ƙaramin babur lita ɗaya ce. Manyan nan da yawansu kusan lita uku suke sha, ga filta, kuma ba kowane baƙin mai ba, don kulocinsu a cikin man yake iyo. Sai ka nemi na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, in ka zuba na mota mai santsi kuloci zai iya fara zamewa. Fulogi huɗu ba ɗaya yake da biyu ba. Tayar baya ta irin su FZ6 da VFR800 mai lamba 180/55-17 ce, ta irin su ER-6f da SV650 kuma 160/60-17. Ka je ka tambayi farashin sabuwa guda ɗaya kafin ka je ganin babur, wallahi wannan tambayar kaɗai ta isa ta sanyaya wa mutum jiki. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk wani kayan gyara da ke zuwa daga waje da dala ake lissafa shi.

To bari mu ɗan bi waɗanda kuke turo min hotunansu.

Honda VFR800 babur ne na gaske, ba mai musu. Injinsa silinda huɗu ne a siffar V, ya fito a 1998, daga 2002 aka sa masa tsarin VTEC. Amma yana da nauyi, yana da zafi a cunkoso, duba bawul ɗin mai VTEC aiki ne da ba kowane makanike zai iya ba, kuma masu tsofaffinsa a ko'ina sun san sai an sa ido a kan na'urar cajinsa. Na ma'aikaci ne mai albashi, wanda yake da mota a gefe. Yamaha FZ6 Fazer, na 2004 zuwa 2009, daga R6 aka samo injinsa, ƙarfin doki kusan 98. Boxer ɗin da yawancinmu muka koyi tuƙi a kansa bai kai doki 10 ba. Ka yi tunanin wannan tsallen. Suzuki Bandit 600, wanda ya fara fitowa a 1995, injinsa da ƙwari kamar jaki, amma kafireta huɗu gare shi, kuma yanzu mafi ƙuruciyarsu ma ya haura shekara ashirin.

Waɗanda nake ganin ɗalibi zai iya riƙewa su ne masu silinda biyu. Kawasaki ER-6f, wanda a Amurka ake kira Ninja 650R, ya fito a 2006, 649 ne, ba kafireta, zamansa a miƙe, yana da ƙarfi tun daga ƙasa, wanda shi ake buƙata a cikin gari. Suzuki SV650S ma haka, sai dai kansa yana ƙasa, wuyan hannu yana gajiya a cunkoso, kuma na kafin 2003 masu kafireta ne. Honda CBR500R da 'yan uwansa CB500F da CB500X, daga 2013, su suka fi kowa tattalin mai a wannan layin, doki 47, amma da yake sun fi sabunta sun fi tsada. GS500 irin nawa kuwa iska ce ke sanyaya shi, ba lagireto, kafireta biyu, makanike mai hankali zai gane kansa cikin yini ɗaya. Akwai kuma Honda Deauville, wanda samari ke raina wa wai babur ɗin dattawa ne. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, ga akwatuna a jikinsa da za su ɗauki littattafai da rigar ruwa. Yana da nauyi, amma in ka samu mai lafiya kada kunya ta hana ka. BMW, Triumph da Ducati kuwa, ka yi musu sallama daga nesa har sai ka fara karɓar albashi, don ranar da ƙaramin abu ya lalace jiran kaya daga waje za ka yi.

Doka ɗaya da nake ba kowa: ka fara samun makanike kafin ka samu babur. Ka tambaye shi wane iri ya fi gyarawa, kuma wane iri ne in abu ya lalace za a samu kayansa a Gate nan Ibadan ko a Ladipo cikin kwana biyu. Abin da ya faɗa maka shi za ka nema. Nawa makaniken wani dattijo ne Bayarabe, ranar da na fara kai masa GS ɗin ya dube ni ya ce, "Yarona, wancan na farkon da ka zo min da shi tun kafin ka biya, da ragunan mamanka suna nan." Na ce, "Baba, a bar tone-tone."

Kuɗin kuma ka raba shi uku tun a gida. Kashi 60 na babur. Kashi 20 na gyaran farko, don duk tokumbo sai ka sauya masa baƙin mai, filta, man birki, sau da yawa har da taya, batir da sarƙa. Kashi 20 na kayan kariya da takardu. In dillali ya ce ƙara kaɗan ka ɗauki wancan mai kyan, ka tuna daga kuɗin hularka zai fito.

Ranar zuwa gani, ka tafi da makaniken, ka biya shi kuɗin yininsa, shi ne kuɗi mafi albarka da za ka kashe. Ka gaya wa mai babur tun a waya kada ya tayar da shi. Da ka isa ka sa hannu a jikin injin, in da ɗumi ka ce za ka dawo gobe da sassafe. Inji mai sanyi shi ke faɗin gaskiya: yadda yake tashi, ƙarar da yake yi a minti na farko, hayaƙin da ke fita. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai. Ka buɗe murfin man ka leƙa, in ya yi kalar shayi da madara ruwa yana haɗuwa da shi, ka kama gabanka. Ka ari mitar masu gyaran lantarki ka gwada batir: a kashe wajen 12.6, in an tayar an ɗan ba shi wuta ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ko sama da 15, matsalar da ta kwantar da ni ce. In mai lagireto ne ka bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta, in ba ta tashi ba Iwo Road za ta dafa shi.

Ka duba ƙafafun gaba ko mai yana tsatsafowa. Ka ɗaga tayar gaba ka juya kan hagu da dama, ya tafi sumul ba tare da maƙalewa a tsakiya ba. Ka duba ƙarshen hannuwa, matakin ƙafa da gefen salansa, nan ne faɗuwa ke barin shaida ko da an yi sabon fenti. Sabon fenti a jikin ƙashin babur kusa da wuya, ko alamar walda, ba ciniki, tafiya kawai. Ka ja sarƙa daga bayan haƙoran baya, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori ta gama aiki. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2413 yana nufin sati na 24 a 2013. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida ta fara bushewa ko da zanenta yana nan raɗau. Mitar tafiya kuma kada ka yarda da ita sosai, ana juya ta, kuma na Ingila da Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ka tambayi makulli na biyu, don da yawa daga cikin na bayan 2000 makullinsu yana da na'ura a ciki, in guda ɗayan ya ɓata ka shiga kashe kuɗi mai yawa. Sannan ka hau, ka sa kowace giya, ka ji ko akwai wadda ke fita da kanta.

Yanzu maganar da ta fi shafar mu 'yan Arewa, wadda ba za ka ji ta a bidiyon Turawa ba. A garuruwan nan yawancin masu okada 'yan uwanmu ne, neman halal suke yi, Allah Ya taimake su. Amma sakamakon haka, duk Bahaushen da aka gani a kan babur ɗan okada ne har sai ya tabbatar da akasin haka, in kuma babur ɗin babba ne tambaya ta gaba ita ce ina ya samo shi. An taɓa tsare ni a wani shinge kusan awa biyu a kan wancan na farkon, saboda harafi ɗaya na lambar inji bai yi daidai da na takarda ba. Katin makaranta da wani lakcara da ya amsa waya su suka cece ni. Abokin ajinmu ɗan gari mai irin babur ɗin ya wuce ta gabana ko kallonsa ba a yi ba. Ba daidai ba ne, amma haka abin yake, kuma kai ne za ka kwana a bayan kanta in takardunka suna da rami.

Don haka in tokumbo ne ka ga takardun kwastam na asali. In wanda aka hau a nan ne ka ga rasit, shaidar mallaka da lasin babur, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi canjin suna. Ka durƙusa da fitilar waya ka karanta lambar inji da ta ƙashin babur harafi bayan harafi, ka gwada da takarda. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ka biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya yi daidai da katin shaidar mai sayarwa. Ka yi lasin tuƙi na rukunin A, wanda shi ne na babur, ka yi inshora, ka sa lamba mai shuɗin rubutu ta masu zaman kansu, ba mai ja ta haya ba. Ka leƙa ofishin tsaron makarantarku ka ji ƙa'idarsu ta shiga da babur kafin ka saya, ba bayan ka saya ba. Ka kuma san inda zai kwana, babur irin wannan ba a barinsa a bakin titi da kwaɗo ɗaya.

Sai mafarkin tafiya gida a kansa, wanda shi ne ainihin abin da ke zuciyar yawancinmu. Ka shigo unguwa da hula da jaket, yara su biyo ka a guje. Na yi wannan mafarkin, har waƙar da zan sa a kunne na zaɓa. Ibadan zuwa Kano ya haura kilomita 800. Oyo, Ogbomoso, Ilorin, gadar Jebba, Mokwa, kana goga kafaɗa da tireloli da tankoki. Daga can ko ka bi ta Bida da Suleja, ko ta Tegina da Birnin Gwari, kuma kowa ya san labarin wannan yankin. A 2021 jihohi irin su Kaduna, Katsina, Zamfara da Neja duk sun kafa dokokin taƙaita babura saboda 'yan bindiga, har yau kuma baƙon saurayi shi kaɗai a kan babban babur ba abin da jami'in shinge zai kalla ya ɗauke kai ba ne. In abu ya lalace a Mokwa wa zai gyara? Tafiyar da za ka yi sau ɗaya ko biyu a shekara, in ma iyaye sun bari, bai kamata ta zaɓa maka abin da za ka hau kwana ɗari biyu ba. Ka hau mota ka je ka ga Hajiya da ƙafafunka biyu.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Mutanen Legas za su ce dokar jiharsu ta bambanta babur ɗin da bai kai 200 ba da wanda ya haura a kan manyan tituna, ga kuma haramcin okada da aka tsaurara daga 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, aka ƙara huɗu a Satumba, ana kamawa ana murƙushewa. Gaskiya ne, ƙaramin babur a hannun ɗan Arewa a can jan magana ne. Amma wannan hujjar ta kai ka 250, 300 ko 500, ba ta kai ka 800 ba. Wasu za su ce babba ya fi birki, ya fi zama daram a titi, direbobi sun fi ganin girmansa. Na yarda, musamman mai ABS, in ka samu ka fifita shi. Sai dai birki mai kyau a kan tayar 2013 ni ne shaida. Wasu kuma za su ce ai kadara ce, in ka gaji ka sayar. Mai lafiya da takardu kadara ne. Wanda ke ƙarƙashin tamfol kuwa dillalai suna jin ƙanshin matsuwarka tun daga bakin ƙofa.

Akwai waɗanda babban babur ya dace da su a cikinmu: mai digiri na biyu da ke aiki, mai kasuwanci a gefe da ke zirga-zirgar Ibadan da Legas ko Ife, wanda ya yi shekaru yana tuƙi, wanda in babur ya kwanta wata guda ba zai taɓa kuɗin rajista ba. In kai ne wannan, bismillah, ka bi abin da na lissafa. In kuwa kuɗin daga gonar Baba ko kiwon Mama zai fito, ko daga bashin karatu, ka gaya musu gaskiyar irin abin da za ka saya da abin da zai riƙa ci duk wata. In ka ji ba za ka iya faɗa musu ba, to ka riga ka san amsar.

Kowanne ka saya, hular kwano mai rufe haɓa, mai alamar ECE ko DOT, sabuwa, ba gwanjo ba, don ba ka san faɗuwa nawa ta sha ba. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta hula a Janairun 2009 har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka, muna yara muna dariya. Hular roba ta dubu biyu da ake sayarwa a bakin titi ba ta fi ƙwaryar da komai ba. Safar hannu, jaket mai kariya, takalmi mai rufe idon sawu. Silifas da jallabiya a bar su a ɗaki, jallabiya tana shiga sarƙa. Kuma kada ka ba kowa aro, ko abokin ɗakinka ne, ko zai yi fushi.

Hajiya dai na gaya mata gaskiya a hutun Babbar Sallar da ta wuce. Ta yi shiru, ta kama hannun ta jujjuya, ta ce, "Da ma na ga ba ka iya ɗaukar bokiti da shi." Daga ribar wake na saya mata rago ɗaya, saura ɗaya.

Ƙannena uku da kuka tambaya, ga amsarku a bainar jama'a. Wanda ya riga ya ga wanda yake so a nan Ibadan, ya neme ni ranar Asabar mu je da Baba makanike, da sassafe, kafin a ɗumama mana shi. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya mayar da mu gida da takardar da aka aiko mu nema.